Abin da ke cikin aljihun keken Baba

Nima, daren Laraba

Yau da na kai wa Baba abinci shago, na buɗe aljihun keken ɗinkinsa ina neman alli. Ƙaramar bindiga na tarar, naɗe cikin ragowar yadin rigar makarantata. Na juya wajen Baba.

Na ce, "Baba, sojoji fa suna binciken shaguna. Wanda suka kama da ita ba ya dawowa."

Ya ce, "Ranar da ɓarayi suka sari maƙwabcina, soja nawa kika gani? Kada uwarki ta ji."

Mma ta tambaye ni, na ce Baba lafiya lau. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau.

Ya Allah, ɓarayin zan roƙa Ka tsare shi daga gare su, ko sojojin?