Kwalbar da Inna ta sa a randa

Laraba, 17 ga Afrilu, 1996. Yerimaram.

Aikin shekara biyu ya tafi a ruwan randa.

Maganin da muke bincike a kai siffa biyu yake fitowa, kamar hannun dama da na hagu. Garin sinadarin nan mai launin ruwan ɗorawa da na haɗa, shi ke sa maganin ya fito da siffar hannun dama kaɗai, don na hagun ba ya warkar da kowa. Na sha wuya kafin ya yi. Da yajin aiki ya rufe jami'a, firjin ɗakin bincike ba wuta, sai na taho da garin gida a 'yar kwalba. Na ce wa Inna ba ya son zafi. Ban ce mata ruwa ne ajalinsa ba.

Na raka Baffa kasuwar shanu, na dawo na tarar da kwalbar tana yawo a randa. Ruwa ya shiga ta murfi, garin ya yi baƙi ƙirin.

Na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Ta ce, "Ɗan nan, a gidan nan ina ya fi randa sanyi?"

Babu. Har da sabon faifai ta rufe randar, ta hana kowa sha tun safe.

To yanzu wa zan yi wa faɗa?