Fuskar da Wanzami Bai Taɓa Ba

Ya Yakura, dabinon kwarina, ruwan sabon tulu a tsakar bazara, inuwar gawo ga wanda rana ta dafa! Karɓi gaisuwar mutumin da aka sare da gatarin gidansa.

Kin tuna damanar da muka dasa dabinai bakwai a kwarin Gidigir? Ina haƙa, kina ban ruwa, kina dariya wai in na yi yarenku sai ka ce akuya ta shaƙe da kanwa. Shekara talatin ke nan, dariyar ba ta bar kunnena ba.

To, Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya zo da littafinsa, ya ce kowace kabila da rabonta, wai don kada babba ya danne ƙarami: kwari na kabilarku Mangawa ne kaɗai. Tafinta yana bin fuskoki yana duba tsaga. Tawa kuwa sumul! Ubana Bahaushe ne, uwata Kaltumi ƴar Mangawa, ta binne ƴaƴa huɗu kafin ni, ta hana wanzami ya taɓa ni don kada mutuwa ta shaida ni. Mutuwa ta wuce ba ta gane ni ba, ashe Nasara ma haka zai yi.

Da aka ce a tambayi matata, har gyara zama na yi. Sai kika dubi yayanki Aisami, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan dabinan nan, kika dubi ƙasa, kika ce ni Afuno ne, wato Bahaushe, baƙo.

Baƙo, Yakura! Wane baƙo ne ya haƙa kabarin mahaifinki? Wayyo, kunama ta gida, harbinki ya fi na daji zafi!

Ga ni a Gure, a zauren Ma'azu majemi, ina shaƙar warin fata maimakon turarenki. Ranar kasuwa mai zuwa Kumandan zai rufe littafin. In ya rufe, dabinai sun zama na Aisami. Zo, hasken idona, ki faɗi abin da kika gani. Ke kika yi wa uwata wankan ƙarshe, hannunki ya bi tsagar kumatunta ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma tafinta ya tambaye ni cikin mutanen wa nake. Na ce masa mutanen Yakura. Ya ce babu wannan a littafi. Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba ni da wata amsar.

Naki har a kwantar da ni ina fuskantar gabas,
Illa