Ruwan Teku Don Kuku

Zuwa ga mahaifiyata, Meme,

Gaisuwa mai yawa daga Swakopmund. Ina fata kuna lafiya, ke da Tate da ƙannena. Yaya ƙafar kakata Kuku? An gama yankan gero?

Ni lafiya lau. Aikin dai na wucin gadi ne har yanzu, ina kai baƙi su hau tudun yashi a inda hamada ta haɗu da teku. Sanyin safe ne ya sa mini tari, amma kada ki damu. In an samu mai zuwa, a aiko mini da bargona.

Meme, maganar Kuku ce ta hana ni sukuni. Da ta ce in aiko mata da ruwan teku, sai na tsaya ina yi mata karatu a waya, wai gishiri ne kawai, ba ya maganin komai. Ta ce, "To, likita, ka shanye tekunka kai kaɗai." Tun ranar ba ta ƙara karɓar kirana ba. Sai daga baya na tuna cewa tekun nan mijinta ya zo aikin kifi, bai koma ba.

Ga gorar ruwan tekun nan a hannun wani direba, Tate Shikongo. Da kaina na shiga har gwiwa na ɗebo. Don Allah kada ta sha, ta shafa kawai. In ta matsa, kurɓi ɗaya. Ki ce mata ranar Lahadi jikanta ne zai kira, ba likita ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta ɗauka.

Ɗanki,
Panduleni