Famfon Sadakar Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya Anti Rabi da yara, ya zaman Fatakwal?

Famfon da ka kafa a ƙofar gidanmu na Nassarawa, sadaka ga marigayiya Inna, ya fara wari. Da mai gyara ya haƙa, sai ga bututun ya tsage daidai ramin masai. Ruwan da muke alwala da shi ke nan, shi matan unguwarmu ta Giginyu ke ba yaransu. Liman ya ce mu rama sallolinmu tun daga ranar da muka ji warin. Kuɗin gyaran ya fi ƙarfina, sai na rufe famfon. Ɗazu matan suka zo da jarkoki, na kasa faɗa musu dalili.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza