Na Sallami Malam da Goro

Daren Talata, Bodinga

Mako uku ina mita cewa 'ya'yan ma'aikata kaɗai ke shiga ajin kwamfutar da nake koyarwa. Har na rubuta "kowa da kowa" a jikin ƙofa.

Yau da hantsi sai ga Malam Haruna, wanda ya koya mini karatun allo, an kawo shi a babur tun daga Sifawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce wa ɗalibai Malam ya zo sa mana albarka. Ya yi addu'a, muka shafa. Na miƙa masa goro, na kama hanyar raka shi.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Bello, ni fa rijista na zaka yi. So nike in koyi buga Larabci ga na'urar ga. An ce mini kowa da kowa. Ko ban da tsofaffi?"

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko kujera ban ba shi ba.

Gobe zai fara. Ban san da wane baki zan ce masa, "Malam, sake biyawa" ba.