Alluran da Na Bar wa Kawu

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya zaman Kumasi? Ina fata ƙafar mai ɗakinka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, ban da kunnen nan nawa.

Shekara shida ke nan injin niƙa ya bar mini ƙara a kunne, ko cikin salla ba ta barina. To, wani likita ɗan Sin ya zo Samaru, yana soka siraran allurai a bayan kunne, babu ruwan magani a ciki. Mutum ɗaya yake gani kowace Asabar. Wata biyu ina taka keke daga Sabon Gari kafin ya ba ni rana. Ranar sai Kawu Sale ya biyo ni, wai kallo zai yi. A bakin ƙofa ya ce ai shi ma kunnensa yana ɗan taɓawa. Ta yaya zan shiga gaban ƙanin uwa? Na ce, "Bismilla, Kawu."

Asabar huɗu ya yi, ya ce ƙarar ta ɗauke. Kafin a zo kaina, likitan ya koma ƙasarsu. Yanzu kullum Kawu yana ƙofar shagona yana ba mutane labarin yadda yake jiyo kiran salla tun daga can unguwar Hanwa. Ina yi masa barka, amma wallahi a baki take tsayawa.

Ka gaishe da yara. In za ka yi mini addu'a, bar kunnen tukuna, ka fara da zuciyar.

Ƙaninka,
Ɗanladi