Gonar Gyaɗa Mai Raga Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Jamilatu, wadda kuke kira Inno, haifaffiyar Kusada, mazauniyar Kankia tun ranar da aka kawo ni gidan mahaifinku, ina faɗin wannan da cikakken hankalina. Ƙafafu ne suka gaza, kai yana nan lafiya lau. Malam Abdulmannan limamin unguwarmu ne yake rubutawa, Malam Ummaru kuma shaida ne. Zuwa gare ku 'ya'yana, Dawuda da Zulkifli da Fiddausi.

Na ɗaya. Ba wanda yake bina bashi, ni ma ba na bin kowa. Gida da awaki da kayan ɗaki a raba su yadda Allah ya hukunta.

Na biyu. Gonar da na gada daga mahaifina, ta bakin hanyar Kusada, wadda yara ke buga ƙwallo a cikinta da rani, na bar ta waƙafi ga yaran garuruwan nan biyu. Dawa ake nomawa a cikinta a da. Wata shekara tushiyar kara ta huda ƙafar wani yaro ɗan Kusada, Bilya, ubansa ya zo ƙofar gidan nan yana kumfar baki, wai yaran Kankia ne suka ture shi. Na duba na ga ba yaran Kankia ba ne, dawata ce. Daga damina mai zuwa na koma gyaɗa, don ita cire ta ake yi har saiwa, ba ta barin abin da zai soki mutum. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya ce na mai da abinci wasan yara. Na ce masa gonata ce.

Ban taɓa kiran gayya ba. Yaran ne suka ga muddin gyaɗa tana ƙasa ba wasa, sai kowa ya je ya addabi ubansa. Iyayen Kankia suka kama cira daga wannan kai, na Kusada daga wancan, suka haɗu a tsakiya, dole a gaisa. Tun daga nan abin ya zama al'ada duk kaka. Mata su dafa dambu, maza su share fili su kafa raga, har waɗanda suka taɓa kai juna gaban alƙali a kan iyakar gona su zauna tabarma guda suna zagin alƙalin wasa. Ke Fiddausi, a bakin filin nan surukinki ya fara sanin mahaifinku, sauran labarin kin fi ni sani.

Na uku. Kada a shuka dawa, gero ko masara a gonar, komai tsadar hatsi. Gyaɗar da aka samu a sayi ƙwallo da riguna da ita. Bilya, wanda yanzu shi ke koyar da yaran, shi zai kula da wannan. Babbar tukunyar ƙarfe ta bi gonar, ta zauna a hannun Fiddausi don girkin ranar gayya.

Na huɗu. Dawuda da Zulkifli, gabar da kuke yi a kan shagon bakin titi ta ishe ni, kuma ta ba ni kunya. An ba ni labari ranar da ɗan Zulkifli ya miƙa wa ɗan Dawuda ƙwallo ya jefa a raga, kun yi tsalle kun rungumi juna, sannan kuka tuna kuna faɗa kuka saki. Na yi dariya, daga baya na yi kuka. Kai Dawuda kai ne babba, kuma babba juji ne. Ka taka ka je gidan ƙanenka kafin a share makokina.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi. Shari'a ba ta ba ni ikon yin wasiyya da abin da ya wuce sulusin dukiyata ba. Malam Abdulmannan ya auna, ya ce sulusin bai ci gonar duka ba. Kan da yake jikin hanya, inda raga guda take, ya faɗa cikin gadonku, ba zai shiga waƙafin ba sai kun yarda ku ukun. Na san wani mai yanka fulotai ya sami Dawuda, na kuma san abin da Dawuda ya ce: "Mi za a ci a hilin ƙwallo?" Tambaya ce ta mai iyali, ban ga laifinsa ba.

Idan kun bari, Allah ya ba ku ladan. Idan kun ƙi, haƙƙinku ne, ba zan tafi da fushin kowa ba. Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya haɗa kanku bayan raina, ya sa ku riƙe zumunci da dangina na Kusada. Abu ɗaya na roƙa: wanda ya ƙi a cikinku, kada ya aiki lebura. Ya je da kansa, da rana, ya tumɓuke ragar a gaban ɗansa.